Ƙarfi, Motsi, Nauyi da Matsi: Tambayoyin da Ɗaliban Fiziks Suka Fi Yi, da Amsoshinsu

Duk shekara idan na shiga ajin SS1 da darasin ƙarfi da motsi, tambayoyi iri ɗaya ne suke dawowa, fuskoki kawai ke sauyawa. Wasu a cikin aji ake yi mini su, wasu sai an tashi ɗalibi zai biyo ni bakin ofis don kada abokansa su yi masa dariya. Waɗanda suka fi yawan zuwa ne na tattara a nan. Abin da na lura shi ne, kalmomi sun fi lissafi kayar da yaranmu. Da Hausa "nauyi" ɗaya muke cewa ga abubuwa uku da fiziks ya raba, haka ma "ƙarfi". Duk wanda ya warware su, ya kuma gan su da idonsa a kasuwa ko a tasha ko a madafi, dokokin da ake sa shi haddacewa za su zauna masa ba da wahala ba.

Malam, mene ne bambancin mas da nauyi? Ai duk da kilo muke auna su.

A kasuwa haka ne, kuma ba laifi. A fiziks abu biyu ne. Mas shi ne yawan abin da ke cikin jikin abu, da kilogiram ake auna shi, kuma duk inda ka kai abin ba ya sauyawa. Nauyi kuwa ƙarfin da duniya ke jan abin da shi ne zuwa ƙasa, shi ya sa da niyuton ake auna shi kamar kowane ƙarfi.

Ɗauki buhun siminti. Mas ɗinsa kilo 50 ne a Kano, kilo 50 a Damagaram, kilo 50 a duniyar wata. Duniya na jan kowane kilo da niyuton 9.8, don haka nauyinsa a nan 50 sau 9.8 ne, wato niyuton 490. A jarrabawa akan ce a ɗauki 10 maimakon 9.8, sai ya zama 500. A wata jan bai wuce kashi ɗaya bisa shida na namu ba, don haka buhun zai koma niyuton 80 da ɗan ɗoriya, ƙaramin yaro ma ya ɗaga shi. Amma da wani zai wurgo maka shi a ƙirji a can, dukan da za ka sha daidai yake da na nan, domin simintin da ke ciki bai ragu da ko cokali ɗaya ba. Ka riƙe wannan buhun, da shi za mu yi ta awo har ƙarshe.

Jan da duniya ke yi, maganaɗisu ne?

A'a, ko da yake "maganaɗisun ƙasa" ya kama baki. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, bai san itace ko ruwa ko mutum ba. Jan duniya bai ware komai ba: duk abin da ke da mas yana jan duk wani mai mas. Shi ne ke kayar da mangwaro, shi ne kuma ke riƙe wata yana zagaya duniya. Niyuton, masanin Ingila, shi ya nuna a 1687 cewa waɗannan biyun abu ɗaya ne.

An koya mana abu mai tafiya ba zai tsaya ba sai wani ƙarfi ya tsayar da shi. To ga ɗan ga-ruwa nan, da ya saki kura sai ta tsaya. Ina gaskiyar dokar?

Wannan tambaya ta fi duk sauran muhimmanci, kuma mai yin ta yana tare da manya. Aristotil na Girka haka ya ɗauka, cewa motsi ba ya ɗorewa sai da mai turawa, kuma an yi ƙarnoni ana bin maganarsa. Cikin waɗanda suka ƙi gamsuwa akwai Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037. Shi ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata na tafiya a jikinsa, wanda ba ya ƙarewa da kansa sai iska ko wani abu ya cinye shi. Galiliyo, masanin Italiya, ya kusanto da maganar da gwaji, Niyuton ya mai da ita dokarsa ta farko.

Kurar ɗan ga-ruwa ba don an daina tura ta ta tsaya ba. Akwai masu ja da ita baya waɗanda ido ba ya gani: gogayyar taya da ƙasa, gogayyar gindin taya da ƙarfen da take juyawa a kai, da iska. Duba yadda take yi a wurare uku. A rairayi tana tsayawa nan take. A kan kwalta takan ɗan gangara. A kan daɓen siminti mai santsi, idan an sa mata giris, sai ta yi nisa. Duk sanda ka rage gogayya tafiyar na ƙaruwa. To ka ci gaba da ragewa a zuciyarka har ta ƙare ƙaf, me zai tsayar da ita? Babu. Abin da dokar ke faɗa ke nan.

Akwai kuma abin da ɗan ga-ruwan ya sani a kafaɗarsa. Jarka 10 masu lita 25 kilo 250 ne na ruwa. Tayar da kurar daga tsaye shi ne wahala, tsayar da ita a gangare ma wahala ne, amma tsakanin nan da ɗan turi kaɗan take tafiya. Abu mai yawan mas yana da taurin kai: idan yana tsaye ba ya son tashi, idan ya tashi ba ya son tsayawa.

Me ya sa fasinja ke faɗawa gaba idan direba ya taka birki? Wa ya tura shi?

Ba wanda ya tura shi. Birki motar ya kama, bai kama fasinja ba, sai jikinsa ya ci gaba da gudun da yake yi har ya gamu da abin da zai tare shi.

A nan nake son kowa ya yi lissafin da kansa, domin rai ne a ciki. Dokar Niyuton ta biyu ta ce ƙarfi shi ne mas sau sauyin gudu a kowane sakan, F = ma. Mota tana gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a sakan. Ta yi karo, ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan. Sauyin gudun ya zama 20 a raba da 0.1, wato 200. Mutum mai kilo 60 sai an sa niyuton 12,000 kafin a tsayar da shi a wannan ɗan lokacin, nauyin buhun siminti 24 ke nan. Jariri mai kilo 10 da uwa ta rungume a kujerar gaba kuwa niyuton 2,000, buhu huɗu. Babu uwar da hannunta zai riƙe buhun siminti huɗu da aka fizge a ƙiftawar ido, komai son da take yi wa ɗanta. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga an ɗora yaro a cinya a gaba.

Bel ɗin kujerar mota yana tsayar da kai tare da motar, yana ɗan miƙewa don ya tsawaita lokacin tsayuwar, yana kuma raba ƙarfin a kan ƙashin ƙugu da ƙirji. Hular kwano ta mai babur ma aikinta ke nan: soson da ke ciki yana lotsawa, lokacin tsayuwar kai ya ƙaru, ƙarfin ya ragu.

Idan na ninka gudu, nisan da zan ci kafin in tsaya ninki biyu ne?

Ninki huɗu ne. Kuzarin tafiya yana bin gudu sau gudu, ½mv², kuma birki sai ya cinye wannan kuzarin duka. Idan a gudun 60 ka ci mita 20 bayan taka birki, a 120 mita 80 za ka ci a kan titi ɗaya da taya ɗaya. Ban da wanda ka riga ka ci kafin ƙafarka ta kai birki: a gudun 100, sakan ɗaya na tunani kusan mita 28 ne.

Da gaske babban dutse da ƙaramin dutse tare suke isa ƙasa?

Tare. Kada ka yarda da ni, hau katanga ka sake su. Duniya ta fi jan babban da ƙarfi, gaskiya ne, amma babban ya fi taurin kai daidai gwargwadon haka, sai abin ya tashi kunnen doki. Kowannensu gudunsa na ƙaruwa da kusan mita 10 a sakan cikin kowane sakan.

Abin da ke ruɗa mu iska ce. Takarda a buɗe tana lilo kafin ta sauka, amma dunƙule ta ka sake ta tare da dutse ka gani. Mai shiƙar gero da wannan take aiki: tsaba ta sauka a faifai, ƙaiƙayi iska ta kwashe. A 1971 ɗan sama jannatin Amurka David Scott ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu a gaban kyamara, suka sauka tare.

Galiliyo, da yake ba shi da agogon da zai kama faɗuwa mai sauri, sai ya riƙa gangaro da ƙwallo a kan katako mai gangare yana auna lokaci da ruwan da ke zuba, ya gano nisan yana bin lokaci sau lokaci. Da wannan za ka iya ƙiyasta zurfin rijiya: saki tsakuwa ka ƙirga. Idan sakan 2 ta yi kafin ka ji "cunjum", zurfin ½ × 10 × 2 × 2 ne, kusan mita 20.

Idan shanu suka ja amalanke, amalanke ma ta ja su baya da ƙarfi daidai, ta yaya ake tafiya?

Dokar Niyuton ta uku ce, wadda ta ce duk abin da ka tura ko ka ja yana rama maka da ƙarfi daidai, kuma kusan kowa a nan yake tuntuɓe. Ƙarfin biyu daidai suke, amma ba a kan abu ɗaya suke aiki ba, don haka ba sa kashe juna. Ɗaya yana kan amalanke, ɗaya yana kan shanu. Idan kana son sanin ko amalanke za ta motsa, dubi abin da ke kanta kawai: jan shanu gaba, gogayya baya. Shanun kuma abin da ke kai su gaba ƙasa ce. Suna dafe ta da kofato suna tura ta baya, ita kuma tana tura su gaba. Shigar da su taɓo mai santsi ka gani, ƙarfinsu na nan amma ba inda za su, don ƙasar ta daina ramawa.

Haka mai kwale-kwale ke tokare gindin ruwa da gora jirgi ya yi gaba. Haka 'yan bindiga a hawan sallah ke dafe gindin bindiga da kyau, don sun san za ta tokaro baya. Roka ma ba iska take turawa ba, hayaƙinta take wurgawa baya da matsanancin gudu, shi ya sa take tafiya a sararin da babu iska.

Gogayya ke nan abokiyar gaba ce?

A cikin inji ana yaƙar ta da baƙin mai da giris. A ƙarƙashin ƙafarka kuwa ba ka da masoyiya kamarta. Ba don ita ba ba tafiya, ba birki, ƙulli ba zai riƙe ba, ƙusa ba za ta zauna a katako ba. Tayar da ta suɗe haɗarinta ya fi fitowa da damina, domin zanen taya shi ke kore ruwa roba ta samu ta kama kwalta.

Kilo ɗaya na auduga da kilo ɗaya na ƙarfe, wanne ya fi nauyi?

Daidai suke. Amma wanda ya ce ƙarfe akwai abin da ya hango, sunansa ne bai sani ba. Wannan shi ne "nauyi" na uku: danƙarewa, wadda littafi ke kira dansiti. Ita ce yawan mas da aka cusa a cikin gurbi ƙayyadadde, mas a raba da girman gurbin. Kilo na ƙarfe ya shige tafin hannu, kilo na auduga sai an nemo buhu.

Mutanen kasuwa sun daɗe da sanin wannan. Mudu da tiya gurbi suke aunawa, ba mas ba, shi ya sa kwanon gero ya fi kwanon gyaɗa mai ɓawo nauyi nesa ba kusa ba. Jarka mai lita 25 idan ruwa ne kilo 25, idan fetur ne ba za ta wuce kilo 19 ba. Ga waɗanda ya kamata ɗalibi ya riƙe a ka, duk a kilo cikin kubik mita ɗaya: ruwa 1,000, kananzir wajen 800, ƙanƙara wajen 920, alminiyom 2,700, ƙarfe wajen 7,900, darma 11,300, zaiba 13,600, zinare 19,300. Iska kuwa 1.2 kacal.

Mai rege shinkafa a ƙwarya da danƙarewa take aiki, tsakuwa ta kwanta a ƙasa shinkafa ta biyo ruwa. Masu wanke zinare a Zamfara ma hanyar ke nan, yashi ya tafi zinare ya zauna a gindin kwano.

Ƙusa tana nutsewa, amma jirgin ruwa na ƙarfe mai dubban tan yana yawo a kan teku. Yaya aka yi?

Duk abin da ka tsoma a ruwa, ruwan yana tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya kawar daga wurinsa. Wannan ita ce ƙa'idar Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu shekara 212 kafin miladiyya. Ka taɓa jin ta a hannunka: guga yana da sauƙin ja muddin yana cikin ruwa, da ya fito sai nauyinsa ya dawo.

Ƙusa ɗan ruwa kaɗan take kawarwa, bai kai nauyinta ba, sai ta tafi ƙasa. Amma bugi ƙarfen nan ya zama kwano mai faɗi da zurfi, sai ya kawar da ruwa mai yawa tun bai gama shiga ba. Jirgi babban kwano ne, mafi yawan cikinsa iska. Masuntan Argungu da ke kifa ciki a kan babban gora suna ratsa ruwa, wannan ƙa'idar suke hawa.

Daga nan za ka gane haɗarin lodi. Duk buhun da aka ƙara wa kwale-kwale sai ya ƙara nutsewa don ya kawar da ruwa daidai nauyin buhun. Idan bakinsa ya kusa shafar ruwa, ba sauran ajiya, igiyar ruwa ɗaya ko fasinjoji su karkata gefe guda ya isa. Ruwa na shiga, gurbin iska na raguwa, sai jirgi ya koma ƙusa. A Ingila sai da ɗan majalisa Samuel Plimsoll ya yi ta fafutika kafin dokar 1876 ta tilasta zana layi a jikin jiragen ruwa wanda lodi ba zai nutsar da shi ba. Duk sanda na ji labarin kifewar jirgi a kogunanmu, wannan layin fentin nake tunawa, abin da bai fi ƙarfin kowane mai jirgi ba.

Ruwan gishiri ya fi ɗaukar kaya saboda ya fi danƙarewa: na teku wajen 1,025 ne, na Matacciyar Teku da ke gefen Jodan kuwa ya kai wajen 1,240, har mutum kan kwanta a kansa bai nutse ba.

Za a iya gane zinaren jabu da wannan?

Sau da yawa, i. Auna mas ɗin abin a ma'auni, sannan ka tsoma shi a ruwa cikin kwalba mai awo ka ga yadda ruwan ya tashi. Zinare tsantsa mai giram 38.6 kubik santimita 2 kawai zai tayar. Jan ƙarfe mai wannan mas ɗin zai tayar da fiye da 4. Sai dai ka tuna zinaren ado gauraye ne: mai karat 21 kashi 87.5 cikin ɗari ne zinare, mai 18 kashi 75, don haka lambarsu za ta yi ƙasa da 19.3. Abin hannu mai rami a ciki ma zai ɓata awon. Masani Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya ƙera wata kwalba mai bututu a wuya da yake tarar ruwan da ya malalo, ya auna danƙarewar ƙarafa da duwatsu masu daraja, kuma lambobinsa sun yi kusa ƙwarai da na yau.

Me ya sa ake hana zuba ruwa a gobarar fetur?

Fetur bai kai ruwa danƙarewa ba kuma ba sa gauraya, sai ya hau kan ruwan yana ci, ruwan ya zama abin hawansa ya kai wutar inda ba ta kai ba. Haka man gyaɗa idan ya kama a kasko, har ma ya fi muni, don ruwan na tafasa nan take ya watso mai. Kashe murhu, rufe kaskon da murfi. Fetur a ƙasa kuwa yashi ake zuba masa.

Ƙwan da ya lalace me ya sa yake tasowa?

Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi. Yana daɗewa ruwan cikinsa na fita, iska na maye gurbin, girmansa na nan amma mas ya ragu. Mai sayen ƙwan zabo da ke cewa a kawo ruwa a ƙwarya danƙarewa take aunawa.

Mene ne bambancin ƙarfi da matsi?

Tambayi mai tallan da ke naɗa gammo. Gammo bai rage ko giram ɗaya daga kayan ba. Abin da ya yi shi ne ya baza nauyin a kan fili mai faɗi maimakon ya taru a tsakar ka. Matsi ke nan: ƙarfi a raba da faɗin wurin da ya sauka, P = F/A, ana auna shi da faskal, wato niyuton ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya.

Mutum mai kilo 60 da ya tsaya a kan tafin ƙafa biyu, faɗinsu kamar murabba'in santimita 300, yana danna ƙasa da faskal 20,000. Idan ya tara nauyin a kan tsinin takalmi mai murabba'in santimita ɗaya, matsin ya zama faskal miliyan 6. Mutum ɗaya, nauyi ɗaya. Raƙumin azalai da ke ratsa hamadar Tenere daga Agadas zuwa Bilma ya fi jaki nauyi sau da yawa, amma tafinsa faffaɗa ne mai bajewa idan ya taka, sai rairayi ya ɗauke shi. Tirela tayoyi da yawa ake sa mata, gini kuma harsashinsa ya fi bangonsa faɗi. Idan kuma huda ko yanka kake so, sai ka juya lissafin: mahauci yana wasa wuƙa don ya rage faɗin bakinta, allura da ƙusa da tsinken tsire duk tsini ake yi musu.

Me ya sa ake ɗora tankin ruwa a sama? Babban tanki bai fi ba da ƙarfin ruwa ba?

Matsin ruwa tsayi yake bi, bai damu da faɗin tanki ba. Lissafinsa danƙarewa sau 10 sau tsayi, P = ρgh. Idan saman ruwan yana mita 10 a kan famfo, matsin 1,000 × 10 × 10 ne, faskal 100,000, ko tankin na lita 500 ne ko na 5,000. Babban tanki daɗewa yake yi bai ƙare ba, amma idan ruwa ba ya hawa bene, ƙafar tankin za a ƙara wa tsayi. Huda gwangwani a wuri uku daga sama zuwa ƙasa ka cika shi da ruwa, za ka ga hudar ƙasa ta fi feshi da ƙarfi. Dalilin ke nan da ake rataye ledar ƙarin ruwa sama da majinyaci, da kuma dalilin da madatsun ruwa irin su Tiga da Kainji, wadda aka kammala a 1968, gindinsu ya fi samansu kauri sosai. A zurfin mita 50, kowane murabba'in mita na bango yana ɗauke da turin da ya kai nauyin buhun siminti dubu.

Ta yaya bakanike ke ɗaga mota da hannu ɗaya?

Ruwa da mai ba sa matsuwa, don haka matsin da ka sa a gefe ɗaya yana isa ko'ina a cikinsu bai ragu ba. Faskal, Bafaranshen da aka sa wa ma'aunin matsi sunansa, shi ya bayyana wannan. A cikin jak mai mai akwai fistin biyu, wato sandunan da ke motsi cikin bututun mai, ƙarami da babba. A ce ƙaramin murabba'in santimita 2 ne, babban 100. Danna ƙaramin da niyuton 200, babban zai tashi da 10,000, nauyin tan ɗaya. Amma ba kyauta ba ne: kafin motar ta tashi santimita ɗaya sai ƙaramin ya yi tafiyar santimita 50, shi ya sa kake ganin bakanike na ta buga hannun jak. Birkin mota ma haka yake. Idan iska ta shiga layin man birki, ita tana matsuwa, sai ka taka ka ji laushi, dole a zubar da ita.

Wai iska na danna mu. Me ya sa ba ma ji?

Tana dannawa, kuma ba kaɗan ba: faskal 101,325 a bakin teku, kusan nauyin kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. A tafin hannunka kaɗai ya kai buhun siminti biyu. Ba ka ji saboda tana dannawa ta ko'ina, sama da ƙasa da gefe, kuma jikinka na turawa daga ciki daidai da haka. Sai an rage ta a gefe ɗaya take nuna kanta.

Je ka kalli wanzami yana ƙaho. Yana kafa ƙahon a baya, ya tsotse iskar ciki ta ƙaramar ƙofar da ke tsininsa, ya toshe. Ƙahon ya manne, fata ta kumbura ta shige ciki. Mu kan ce ƙaho ya "ja", amma babu abin da ke ja a ciki. Iskar waje ce ke danne ƙahon a jiki, matsin cikin jiki kuma ke tura fata da jini zuwa inda matsi ya yi ƙasa. Da ya buɗe ƙofar iska ta koma, ƙaho ya saki da kansa. Sirinji da tsinken shan lemo da tiyon da ake zuƙo mai daga tanki duk haka suke.

Wannan "jan" yana da iyaka, kuma iyakar ce ta tona asirin. Masu haƙar rijiya a Italiya sun lura famfon tsotso ba ya ɗaga ruwa fiye da mita 10 ko kusa da haka, komai kyansa. Toriceli, almajirin Galiliyo, ya ce ai iska ce ke turo ruwan, kuma iya ƙarfinta ke nan. A wajajen 1643 ya gwada da zaiba, wadda ta fi ruwa danƙarewa sau 13.6, sai ta tsaya a milimita 760 cikin bututun gilashi. Shi ya sa rijiyar burtsatse mai zurfi ba a tsotso ta daga sama, sai a zura injin can cikin ruwan ya turo shi. Lambobin da ake faɗa maka a asibiti idan an auna hawan jini, 120 bisa 80, su ma milimitocin zaiba ne.

Me ya sa kunne ke toshewa a jirgin sama, kuma wai wake ya fi daɗewa a wuta a Jos?

Kana hawa, iskar da ke samanka na raguwa, matsinta na sauka. A 1648 Faskal ya sa surukinsa ya hau dutsen Puy de Dôme a Faransa da bututun zaiba, ta sauka da kusan santimita 8 a ƙololuwa. Kunnen alhaji na toshewa ne saboda iskar da ke bayan dodon kunne ba ta daidaita da ta waje ba, haɗiyar yawu ko hamma ke buɗe mata hanya. Jos kuwa tana wajen mita 1,200 sama da teku, ruwa na tafasa a wajen digiri 96 maimakon 100, kuma ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi komai wutar da ka iza. Tukunyar matsi akasin haka take yi: tana tsare tururi, matsi ya hau, ruwa ya kai wajen digiri 120 kafin ya tafasa, ganda ta yi laushi da wuri.

Malam, na gane duk wannan, amma a jarrabawa sai in faɗi. Ina matsalar?

Na duba takardun gwajin WAEC da NECO na ɗalibaina da yawa, kuma inda maki ya fi zubewa wajen sauya ma'auni ne. Murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, ba 100 ba. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ne, ko kubik santimita miliyan ɗaya. Kilomita a awa ana raba shi da 3.6 ya koma mita a sakan. Idan an ba ka kilogiram a tambayar matsi, sai ka ninka da 10 ya zama niyuton kafin ka raba da faɗi. Kafin ka taɓa kalkuleta zana abin, ka sa kibiya a kan kowane ƙarfi, ka tambayi kanka wa ke turawa kuma wa ake turawa.

Idan amsa ta fito, auna ta da abin da ka sani. Wata ɗaliba ta taɓa kawo mini danƙarewar dutse 2.5 a kilo cikin kubik mita. Na ce mata, “’Yata, ruwa nawa ne?” Ta ce 1,000. Na ce, “To wannan dutsen naki nutsewa zai yi ko tasowa?” Ta yi shiru, ta ja takardar, ta koma layi na biyu inda ta bar giram da santimita ba ta sauya su ba, ta rubuta 2,500.